Jarka, Buhu da Marfin Kwalba a Ɗakin Baje Koli: Tambayoyi da Amsoshi kan Sassaƙar Zamani

Tun da labarin ayabar nan da aka manna a bango da salatif ya zagaya wayoyin mutane, aka ce an saye ta dala miliyan shida da ɗoriya, duk wanda ya san ina bibiyar harkar zane da sassaƙa sai ya tare ni da tambaya. Wani da dariya, wani da haushi, wani kuwa so yake ya ji ko akwai ƙofar da shi ma zai shiga a dama da shi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, da abin da nakan amsa.

Wace irin sassaƙa ce wannan da ba gizago, ba guduma?

A wurinmu in an ce sassaƙa, turmi ne da taɓarya, akushi, allo, ƙotar fartanya, masassaƙi na zaune a gindin bishiya yana fafe itace. Masu harkar fasahar zamani sun faɗaɗa tasu kalmar har ta haɗe duk wani aiki mai jiki, wanda ya tare wuri, ana iya zagaya shi a gan shi ta gaba da ta baya, saɓanin zane da ke shafe a takarda. Da sassaƙa za mu ci gaba da kiransa a nan, don ba mu da kalmar da ta fi ta kusa.

A cikin masu wannan sana'a akwai waɗanda suka ajiye dutse da itace da tagulla, suka nufi kanti da kasuwa da bola. Wani zai sayo abu ya ajiye shi yadda yake, ko ƙwarzane bai yi masa ba. Wani zai tara ɗaruruwa ko dubbai na abu iri guda, ya ɗinke, ya ƙulle, ya yi walda, har wani sabon abu ya fito. Wani kuma kwaikwayon kayan kantin yake yi da katako ko ƙarfe, sai ka taɓa sannan ka gane ba na gaske ba ne. Abin da ya haɗa su shi ne kayan aikin nasu kowa ya san shi, ya san kuɗinsa, wataƙila ma akwai shi a bayan ɗakinsa.

Wa ya fara wannan abu?

Sunan da kowa ke ambata shi ne Marcel Duchamp, Bafaranshe. A 1913 ya kifa ƙafar keke a kan wata kujerar katako ta ɗakin girki, yana juya ta yana kallo. A 1914 ya sayo maratayin kwalabe na ƙarfe a wani babban kanti a Faris. Da ya koma Niyok a 1915 sai ya sayi shebur na kwashe ƙanƙara ya rataye. Sunan da ya ba irin waɗannan kaya kowane tela a Kano ya san shi: redimed, wato abin da ka tarar an riga an gama.

Wanda ya tayar da ƙura shi ne na 1917. Wata ƙungiyar masu fasaha a Niyok ta yi shelar baje koli, ta ce duk wanda ya biya dala shida za a nuna aikinsa, ba tantancewa. Sai aka aiko musu da kwanon fitsari na tangaran, irin na bayin maza, an kwantar da shi a bayansa, an sa hannu da sunan ƙarya, R. Mutt, an raɗa masa suna Fountain, wato maɓulɓular ruwa. Duchamp na cikin shugabannin ƙungiyar, ya yi gum yana kallonsu. Suka yi ta gardama, suka ƙi nuna shi, shi kuma ya ajiye muƙaminsa. Kwanon na asali ya ɓace, hoton da Alfred Stieglitz ya ɗauka ne ya rage. Waɗanda ake gani yau a manyan gidajen baje koli kwafi ne, galibinsu na 1964 da aka yi da amincewarsa, kuma an sayar da ɗaya a gwanjo a 1999 kan dala miliyan 1.7 da 'yan kai.

Picasso ma ya taɓa: a 1942 ya haɗa sirdin keke da abin riƙonsa, sai ga kan bijimi da ƙahoni. Amma sai daga shekarun 1960 abin ya zama ruwan dare. Andy Warhol ya cika wani ɗaki a Niyok a 1964 da kwalayen soson wanke tukunya na Brillo, waɗanda a gaskiya da katako aka yi su aka buga musu tambarin kamfanin. A 1980 Jeff Koons ya fara nuna sababbin injinan shara masu zuƙe ƙura, daga baya yana kulle su a akwatin roba mai kama da gilashi, da fitila a ƙarƙashinsu.

Idan ba shi ya ƙera abin ba, ina aikin nasa yake?

Duk sa'ad da aka yi mini wannan tambaya, ɗakin gwaggota nake tunawa.

Bango guda na ɗakin nan jere ne tun daga ƙasa har kusa da rufi. Manyan fantekoki a gindi, kwalla a kansu, sai kumbuna da langa-langa, samira mai furanni ja da shuɗi, kowane saiti an ɗora shi daga babba zuwa ƙarami har ya tsuke a sama kamar hasumiya. Ko ɗaya ba ita ta ƙera ba. Daga masana'anta suka fito, wasu ma daga ƙetaren teku, aka sayo su a kasuwa ɗaya bayan ɗaya tun tana budurwa. Wata rana ina yaro na hau kujera na zaro ƙaramin kwano daga sama zan dama fura. Ban kai ga zuba nono ba na ji an riƙe mini kunne. "Kai, wa ya ce maka wannan na ci ne? Maida shi inda ka gan shi, kuma furen ya kalli ƙofa."

A wannan maganar tata akwai kusan duk abin da masana ke cika littattafai da shi. Kwano ne, amma an cire shi daga aikin kwano. An zaɓe shi cikin dubu, an ba shi wuri, an ba shi maƙwabta, an ce ga ta inda za a kalle shi. Matan da suka zo ganin ɗaki kuwa karanta jeren suke yi kamar takarda: sun san wane kwano ne yayi, wanne ne na gado, nawa uwar amarya ta yi shekaru tana tarawa, ko mai jeren tana da ido ko kuwa tula kaya kawai ta yi. Haka magina na da ke kafa tasa ko faranti a tsakiyar rufin soro, inda bakan gizo suka haɗu.

Ba ina cewa jere da abin da Duchamp ya yi abu ɗaya ba ne. Shi tsokana ya nufa, yana tambayar masu gidan baje koli wa ya ba su ikon cewa wannan fasaha ne, wancan ba fasaha ba. Gwaggo ba ta da gardama da kowa. Amma Bahaushen da ya tashi a gidan da ake jere bai kamata ya yi mamakin a sayo kayan kasuwa don kallo kawai ba. Wani ɗan Indiya, Subodh Gupta, haifaffen jihar Bihar a 1964, da irin waɗannan kaya ya yi suna: kwanuka da bokitai da kulolin abinci na bakin ƙarfe mai ƙyalli, waɗanda a can ma ana haɗa wa amarya. A 2006 ya haɗa su ya yi wani ƙaton ƙoƙon kan mutum mai nauyin kusan tan guda, ya kira shi Very Hungry God, wato abin bauta mai tsananin yunwa. Dubban kwanukan abinci, kuma ba loma ko ɗaya a ciki.

Akwai 'yan Afirka a harkar, ko ta Turawa ce zalla?

A ganina, wanda ya fi kowa iya wannan aiki a raye yau a Najeriya ya yi yawancin rayuwarsa. El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a Anyako a 1944, ya yi karatu a Kumasi, ya zo Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975, ya koyar har 2011. Ya daɗe yana aiki da yumɓu da katako, har da tsofaffin turame da farantan katako na masu talla. Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci wani buhu da aka yar a jeji, cike da marafan kwalabe na alminiyam. Ya kai shi ɗakin aikinsa ya ajiye, ya daɗe bai san me zai yi da shi ba.

Ga yadda aikin yake. Marfin irin mai murɗawa ne, mai dogon wuya. Sai a yanke shi, a raba da'irar sama da zoben wuyan, a buɗe wuyan a daddaƙe shi ya miƙe kamar ɗan tsinken kara. Wani a naɗe shi, wani a murɗe, wani a lanƙwasa shi kusurwa huɗu. A huda kowane gefe da tsinke, a zura siririyar wayar tagulla, a murɗe bakinta. Ɗaya bayan ɗaya, har a sami ɗan yanki kamar faɗin sallaya. Matasa gommai ne ke wannan zama a Nsukka, kowa da tarin marafai a gabansa. Sai shi malamin ya sa a shimfiɗa yankunan a ƙasa, yana zagayawa yana cewa a ɗauke wannan a kai can, a juyo bayan wancan don farin ƙarfen ya fito, har sai ransa ya kwanta, sannan a ɗinke su gaba ɗaya.

Abin da ke fitowa ƙarfe ne, amma yana zuba yana lanƙwasa kamar zane. Daga nesa sai ka rantse alkyabbar sarki ce ta zinariya aka rataye, ka matso kusa ka ga sunayen kamfanoni da tsatsa da lotsewa. Wani ya kai girman bangon bene, amma ana ninke shi a sa a akwati. Kuma ba ya ba masu ratayewa umarnin yadda za su yi, ya bar wa kowa ya tattare shi yadda ya ga dama, shi ya sa aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya sau biyu.

Duniya ta farga da shi sosai a 2007, lokacin da ya lulluɓe gaban wani tsohon gida a birnin Venis na Italiya, a babban bikin fasaha da ake yi can duk shekara biyu. A 2015 bikin ya ba shi lambar Zakin Zinariya ta aikin tsawon rayuwa, a 2023 kuma ya cika babban zauren gidan baje koli na Tate Modern a Landan. Ya yi aiki da marafan gwangwanin madarar Peak, da tsofaffin magogin rogo na masu garin kwaki.

An ce marafan kwalaben giya ne. Me ya sa ya zaɓi wannan?

Haka ne, na barasar da ake yi a kamfanonin Najeriya ne, kuma da saninsa. Ya sha bayyana cewa giya na cikin kayan farko da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar tekun Afirka ta Yamma suna musaya, har da musayar mutane. Bayin da aka kwashe su ne suka noma rake a tsibiran Karibiyan, daga raken aka yi barasa, barasar ta sake dawowa Afirka. Kowane marfi kuma hannun wani ne ya murɗe shi. Wanda ba ya sha, kuma ba ya son ganin ana sha, zai iya tsayawa gaban wannan bango ya yi lissafin kwalba nawa aka shanye kafin a tara shi, gabansa ya faɗi. Aikin bai hana shi wannan karatun ba.

Su wa kuma ya kamata in sani?

Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin, haifaffen Porto-Novo a 1962. Kayan aikinsa jarka ce, baƙar jarkar da ake fasa-ƙwaurin fetur da ita daga Najeriya. A can ana kiran wannan mai kpayo, kusan abin da muke kira bumburutu. Masu ɗaukowa kan gasa jarkar a wuta ta kumbura don ta ƙara cin mai, su ɗaure goma sha a jikin babur guda, mutum na tafe a tsakiyarsu kamar a kan bam. Hazoumè sai ya yanke saman jarkar ya tsayar da shi: mariƙin ya zama hanci, bakin da ake zuba mai ya zama baki a buɗe, ya ƙara ɗan burushi ko tsumma a matsayin gashi. Da ka gani sau ɗaya, ba za ka ƙara kallon jarka ba ka ga fuska ba. Turawa sun daɗe suna kwasar fuskokin katako na gargajiya daga Afirka, shi kuma ya ce to ga wasu, da robar da kuka turo mana aka yi.

Babban aikinsa, La Bouche du Roi, wato Bakin Sarki, jarkoki 304 ne aka jera a ƙasa bisa tsarin wani sanannen zanen jirgin bayi na ƙarshen ƙarni na 18, wanda ya nuna yadda ake kwantar da mutane kamar kifi a gwangwani. Gidan tarihi na Birtaniya ya mallake shi, ya nuna shi a 2007, shekara 200 da dokar hana cinikin bayi a ƙasar.

Sai Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Gana, haifaffen 1987. Shi buhun algarara ya kama. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangladesh, a shigo da su Gana don zuba koko, daga nan su faɗa hannun masu masara da shinkafa, ƙarshensu gawayi. Kafin su kai nan sun sha faci, sun yi baƙi, an rubuta sunayen 'yan kasuwa a jikinsu an soke an sake rubutawa. Yakan ba da sababbi ya karɓi tsofaffin, a ɗinke su da hannu, ya lulluɓe gine-gine da su: wani dogon lungu a Venis a 2015, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Ankara (Accra), babban birnin Gana, tsofaffin ƙofofin gari a Kassel ta Jamus da Milan. Abin da ya fi burge ni da shi, kuɗin da ya samu gida ya kai. Ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, ya ƙara wata mai suna Red Clay, ya sayo tsofaffin jiragen sama ya girke su a fili yara na shiga ciki ana koya musu zane.

A Ankara kuma akwai Serge Attukwei Clottey, mai yanka jarkoki masu ruwan ɗorawa, irin na man girki da masu garuwa ke turawa a kura, yana ɗinke su da waya.

To ayabar fa? Da gaske an biya wannan kuɗin?

Da gaske. Aikin wani ɗan Italiya ne, Maurizio Cattelan, sunansa Comedian, wato ɗan barkwanci. An fara nuna shi a Miami a Disambar 2019, aka sayar da kwafi uku tsakanin dala 120,000 da 150,000. A Nuwambar 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da ɗaya kan dala miliyan 6.2 ga Justin Sun, attajirin kuɗin kirifto, wanda ya tara 'yan jarida a Hong Kong ya ɓare ayaba ya cinye a gabansu. Ayabar da aka manna ranar gwanjon kuwa a wurin wani dattijo mai teburin 'ya'yan itace a bakin titi aka sayo ta, ba ta kai rabin dala ba.

Abin da mai saye ya biya wa kuɗi takardar shaida ce, da ƙa'idojin yadda za a manna, da izinin cewa wannan aikin Cattelan ne. Ayabar canza ta ake yi duk bayan kwana bakwai zuwa goma. Shi ya sa da wani ya cire ta ya cinye a Miami, da kuma wani ɗalibi ya yi haka a Seoul a 2023 ya ce bai karya kumallo ba ne, ba a yi asarar komai ba, wata aka manna.

Ni ra'ayina, barkwanci ne mai kyau na kwana ɗaya, kuma masu kuɗin da yake yi wa dariya su ne suka saye shi, to ka ga dariyar ta koma ciki. Farashi a wannan kasuwa suna yake bi, da ƙarancin kaya, da gasar attajirai, kamar yadda ake tsawwala kuɗin ingarman doki don an ji wane ma yana so. Ayyukan El Anatsui ma sun haura dala miliyan a gwanjo, amma da kyansu da rashinsa ba a bakin mai gwanjo za ka ji ba.

Ai ko ɗana zai iya wannan.

Wani zai iya, wani ba zai iya ba. Manna ayaba kowa zai iya. A 1976 jaridun Ingila sun yi ta zagi da aka gano gidan Tate ya kashe fam 2,297 na kuɗin gwamnati wajen sayen bulo 120 da Carl Andre ya jera a ƙasa, kuma lallai kowane lebura zai iya jera su. Amma ka ba ɗanka buhun marafai ka ce ya fitar da abin da zai sa mutum ya tsaya cak a bakin ƙofa, sai ka dawo mu yi magana.

Kuma kada ka raina yaron. Wanda ya ɗauki gwangwanin madara da silifas da ya tsinke ya yanka tayoyi, ya haɗa mota har da sitiyari na kara, idon da ya hango mota a cikin gwangwani shi ne wanda ya hango hanci a mariƙin jarka. Da yawa a makaranta ake kashe musu shi.

Mene ne bambancinsu da masu ƙira a Panteka?

A wajen gwaninta, sau da yawa na Panteka ne a gaba. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwanayen lemo a zuba tukunya, a yanka tsohuwar taya a fitar da takalmi da guga, a mayar da gwangwani aci-balbal, ya san ba a gaya wa waɗannan mutane darajar abin da aka yar. Su da 'yan jari-bola ne ma ke sayar wa masu fasahar kayan aiki.

Inda suka rabu shi ne abin da ake so kayan ya zama. Maƙeri so yake gwangwanin ya ɓace, tukunya ta fito, a ɗora ta a murhu. Mai fasaha so yake ka ci gaba da ganin gwangwanin, ka tuna daga ina ya zo, wa ya sha, wa ya ci riba. Sauran bambancin kuwa na gata ne: ɗaya yana da masu rubutu a kansa da dillalai a Landan, ɗaya ana taya tukunyarsa ana cewa ya rage. Wannan ba adalci ba ne, kuma ban ga alamar zai gyaru nan kusa ba.

Masu cewa irin wannan fasaha na tsabtace muhalli kuwa, su rage zaƙi. Duk marafan da aka ɗinke a Nsukka ba su kai abin da gari guda ke zubarwa ba.

Ba gumaka ba ne? Me addini ya ce?

Fatawa ta malamai ce, a je gare su. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda kayan suke. Sananne ne cewa jumhurun malamai sun hana ƙera surar abu mai rai mai cikakken jiki, sun yi rangwame a 'yar tsanar yara, kuma an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar sura da ya koma yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Kaso mai yawa na ayyukan da muke magana a kai ba surar kowa ba ne: bangon marafai, ginin da aka lulluɓe da buhu, bulo a jere. Wasu kuwa sura ce ƙarara, kamar fuskokin Hazoumè, da ƙoƙon kan Gupta, da dabbobin da Dotun Popoola ke haɗawa da tarkacen ƙarfe a kudancin Najeriya. Ɗalibin da ke son shiga harkar kuma yana kiyaye wannan iyaka, fili a buɗe yake gare shi fiye da zamanin da sassaƙa ke nufin mutum-mutumi kawai.

Ba a taɓa kuskure an kwashe irin wannan aiki an zubar ba?

An sha yi. A 2001 wani mai shara a wani ɗakin baje koli a Landan ya tarar da kwalabe da kofunan kofi da tokar sigari, ya tattara ya zuba a leda, ashe aikin Damien Hirst ne. A 2004 an jefar da wata jakar shara da ke cikin aikin Gustav Metzger a Tate. A 2015 masu shara a Bolzano ta Italiya sun share ɗaki guda na kwalabe da tarkacen biki tas. A 2024 a Holan wani mai gyaran lifta ya jefa gwangwanaye biyu a kwandon shara, alhali da hannu aka zana su. Ban taɓa ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu ba, aikinsu suka yi.

Babbar matsalar masu adanawa ita ce kayan kanti ba a yi su don su daɗe ba. Roba na ƙeƙashewa ta farfashe, buhu na ruɓewa, kamfani na daina yin irin ƙwan fitilar da aikin ke buƙata. Wasu masu fasahar sun shigar da ƙarewar cikin aikin. Felix Gonzalez-Torres a 1991 ya tula alewa mai nauyin kusan kilo 79 a kusurwar ɗaki, daidai nauyin abokin rayuwarsa Ross kafin cutar ƙanjamau ta kama shi. An yarda kowane baƙo ya ɗauki ɗaya ya sha. Tulin na raguwa kamar yadda majinyacin ya yi ta ramewa, sai ma'aikata su sake cikawa.

Kwastan da kamfanonin da aka yi amfani da kayansu fa?

Kwastan sun sha wahala da wannan harka, don harajin aikin fasaha daban, na haja daban. A 1965 wani dillali ya so shigar da kwalayen Warhol Kanada, aka tambayi shugaban gidan zane na ƙasar ko sassaƙa ce, ya ce a'a, sai a biya harajin kaya. Bayan shekara biyu gidan nan da kansa ya sayi kwalayen. A 2010 ma Hukumar Tarayyar Turai ta yanke cewa dogayen fitilun da mai fasaha Dan Flavin ya yi aikinsa da su kayan lantarki ne a wajen haraji.

Kamfanoni kuwa galibi talla ce ta kyauta ta faɗo musu. Wani manajan kamfanin miyar gwangwani na Campbell's har wasiƙar yabo ya aika wa Warhol a 1964, da katan-katan na miyar tumatir. Inda ake shan kashi shi ne kwafar aikin wani mutum: Koons ya faɗi a kotu a 1992 saboda ya sa an sassaƙa hoton wani mai ɗaukar hoto ba izini. Shi kuwa wanda ya tsara ainihin kwalin Brillo, James Harvey, mai zane ne da ke aikin kamfani don ya ci abinci, ya je baje kolin ya tarar da zanensa da sunan wani.

A ina zan ga irin wannan da idona?

A Legas akwai gidan Nike Art Gallery a Lekki, da gidan adana fasaha na Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic da aka buɗe a 2019, da kasuwar ART X da ake ci duk shekara tun 2016, wajen watan Nuwamba. Ka nemi ayyukan Olu Amoda, mai walda da ƙusoshi da cokula, wanda ya ci babbar kyautar bikin fasaha na Dakar a 2014. Wanda harkar kasuwanci ke kai shi Gana, in ya biya ta Tamale ya ware rabin yini ya je Red Clay. Mafi kusa ga mutanen Arewa shi ne sashen koyar da zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda ayyukan ɗalibai ke tsaye a fili, wasu na siminti, wasu na tarkacen ƙarfe. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke haɗa aikin kammalawa ya fi daɗin zuwa, za ka same su da injin walda da tulin kayan da suka yi ciniki a wurin 'yan gwangwan, kuma in ka tambaya za su gaya maka nawa suka sayi kilo.